Dattijo da hula a hannu: Labarin zanen Charles Darwin da mutanen da bai nuna ba

A ɗakin taro na Ƙungiyar Linnean da ke ginin Burlington House, a kan titin Piccadilly a birnin Landan, akwai wani zanen fentin mai da ya haura shekara 140 a hannun ƙungiyar. Wani dattijo ne a tsaye yana fuskantar mai kallo. Kansa ya yi sanƙo, farin gemu ya sauko masa har ƙirji, girarsa ta yi kauri ta rufe saman idanu. Ya yafa baƙar alkyabba mai walawa, yana riƙe da hularsa a hannu, kamar wanda aka tare a bakin ƙofa zai fita zagayen lambu. Bayansa duhu ne kawai. Babu littafi, babu tebur, babu madubin ƙara girman abu, babu ko fiffiken tsuntsu da zai nuna wa baƙo sana'ar mutumin.

Dattijon shi ne Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila da aka fi danganta ka'idar juyin halitta da shi. John Collier ne ya zana shi a watan Agusta na 1881, lokacin Darwin yana da shekara 72. Bayan wata takwas, ranar 19 ga Afrilu, 1882, ya rasu. Ɗansa Francis ya rubuta daga baya cewa da yawa daga cikin waɗanda suka san fuskar mahaifinsa sosai sun ɗauki wannan zane a matsayin wanda ya fi kama da shi, kuma shi kansa Darwin ya karkata ga wannan ra'ayi.

Sai dai hoton girmamawa yana da aiki biyu: yana nuna kamannin mutum, yana kuma sanar da jama'a wanda wata hukuma ta zaɓa a riƙa tunawa. Ta fuska ta farko zanen Collier ya yi nasara. Ta fuska ta biyu kuwa, ya bar wa duniya siffar mutum ɗaya tilo tsaye cikin duhu, alhali aikin da ake girmama shi a kai ya ratsa ta hannun mutane da yawa.

Yadda aka shirya zanen

An kafa Ƙungiyar Linnean a 1788, aka sa mata sunan Carl Linnaeus, masanin ƙasar Siwidin da ya tsara hanyar raɗa wa tsirrai da dabbobi suna. A 1881 membobinta suka yi karo-karo domin a zana Darwin, kuma George Romanes, sakataren sashen dabbobi na ƙungiyar, shi ne ya tuntuɓe shi. Darwin ya amsa cewa zaman zane yana gajiyar da shi, amma ƙin yarda zai zama butulci. Ya kuma nuna cewa zai so Collier ya yi aikin.

Zaɓin na cikin gida ne. Collier, wanda shekarunsa 31 a lokacin, suruki ne ga Thomas Henry Huxley, domin ya auri 'yarsa Marian a 1879. Huxley kuwa shi ne babban mai kare ra'ayin Darwin a dandalin muhawara, inda Darwin kansa ba ya zuwa. A 1883 Collier ya zana surukin nasa jingine da littattafai, riƙe da ƙoƙon kan mutum, siffar malami mai shirin jayayya. Idan aka jera zanukan biyu, ana ganin bambancin nan take: Huxley yana riƙe da hujja, Darwin yana riƙe da hula.

A wannan shekara ta 1883 Collier ya sake zana kwafin hoton Darwin domin iyalinsa. Babban ɗan marigayin, William Erasmus Darwin, ya miƙa kwafin ga Gidan Hotunan Fitattun Mutane na Ƙasa da ke Landan a 1896, yana ganin ya ma fi na asalin kama da mahaifinsa. Wannan kwafi ne ya fi yawo a littattafan makaranta da intanet a yau.

Fuskar da aka yi ta rigima a kanta

Kafin Collier, masu zane da dama sun gwada. George Richmond ya zana shi da fentin ruwa a 1840, matashi marar gemu da bai daɗe da aure ba. Gemun ya zo ne a farkon shekarun 1860, lokacin da ciwon fata ya sa aski ya zame masa wahala, kuma ya sauya masa kama har wasu abokansa suka kasa gane shi da ya fito taro a Landan a 1866. Julia Margaret Cameron ta ɗauke shi hoton kyamara a 1868. Walter Ouless ya zana shi a 1875, Darwin ya yi ba'ar cewa an mai da shi tsoho mai cike da baƙin ciki. William Blake Richmond ya zana shi a 1879 cikin jar rigar digirin girmamawa na Jami'ar Kambirij, matarsa Emma ta ce fuskar ta yi fushi da yawa.

Akwai kuma wata siffar da ba ta neman yardar kowa. A watan Maris na 1871, jim kaɗan bayan fitowar littafinsa The Descent of Man, mujallar barkwanci ta The Hornet ta buga zanen kan Darwin da gemunsa a kan gangar jikin biri. Zane-zane irin wannan suka yawaita. Ko ranar da Kambirij ta ba shi digirin girmamawa a Nuwamba na 1877, ɗalibai sun zuro 'yar tsanar biri da igiya daga saman zauren. Saboda haka lokacin da Collier ya ɗauki burushi, an shekara goma ana amfani da wannan fuska wajen izgili. Zanen da ya yi amsa ce a natse: dattijo mai kwarjini, marar ado, wanda gajiya ta bayyana a idanunsa.

Gajiyar ta gaskiya ce. Darwin ya kwashe kusan shekara 40 yana fama da amai da bugun zuciya da rashin ƙarfi, yana zaune a gidansa na Down House a Kent tun 1842. A watan da aka yi zanen, yayansa Erasmus ya rasu. A Oktoba na wannan shekara littafinsa na ƙarshe ya fito, a kan tana da yadda take juya ƙasa tana mai da ita taki. Mutumin da duniya ke muhawara a kan sunansa ya ƙare aikinsa yana lura da tsutsar ƙasa cikin tukwane.

Abin da ake girmamawa

An haifi Darwin ranar 12 ga Fabrairu, 1809, a garin Shrewsbury. Ya fara karatun likita a Edinbara ya bari, ya koma Kambirij da nufin zama limamin coci. A Disamba na 1831 ya shiga jirgin ruwan binciken gaɓar teku mai suna Beagle ƙarƙashin Kyaftin Robert FitzRoy, bai dawo Ingila ba sai Oktoba na 1836. Zangon farko na tafiyar shi ne tsibiran Kef Bad, daura da gaɓar Afirka ta Yamma, a Janairu na 1832. A can ya tattara wata ƙura mai laushi da ke sauka a kan jirgin, daga baya ya danganta ta da iskar hunturu da ke taso ta daga nahiyar Afirka, har ya rubuta maƙala a kanta a 1846. Hazon da muke share wa daga gilashin mota yana cikin abubuwan farko da ya adana a tafiyar.

A Kudancin Amurka ya haƙo ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare, masu kama da ƙananan da ke raye a wurin. A tsibiran Galapagos, inda ya yi kamar mako biyar a 1835, ya ji cewa ana iya gane tsibirin da kunkuru ya fito ta siffar ƙoƙon bayansa. Bayan ya dawo gida, karatun littafin Thomas Malthus a kan yawan jama'a a 1838 ya ba shi mabuɗin da yake nema.

Ka'idar a taƙaice ita ce: 'ya'yan kowace halitta suna ɗan bambanta da juna, kuma ana gadon wasu bambance-bambancen. Ana haihuwar fiye da yadda abinci da wuri za su iya ɗauka. Waɗanda bambancinsu ya dace da muhallin sun fi rayuwa su hayayyafa, sai siffarsu ta yawaita a zuriya ta gaba. Idan aka ɗauki dogon zamani ana haka, iri yakan sauya, har ya rabu gida biyu. Darwin ya fara bayaninsa da abin da kowane makiyayi ya sani: wanda ya zaɓi bijimin da zai bar wa garke, shi ke tsara kamannin 'yan maruƙan baɗi. Shi da kansa ya kiwata tantabaru iri-iri domin ya ga haka da idonsa. Abin da ya ƙara shi ne cewa fari da sanyi da cuta da maƙiya suna yin irin wannan zaɓe ba tare da makiyayi ba.

Ya rubuta daftarin farko a 1842, ya faɗaɗa shi a 1844, ya ajiye. Sannan ya kwashe shekara takwas yana nazarin wasu ƙananan halittun teku masu ɓawo da ke manne wa duwatsu da jikin jirage. Littafin On the Origin of Species bai fito ba sai 24 ga Nuwamba, 1859, da kwafi 1,250 a bugun farko. Darwin bai san yadda gado ke tafiya daga iyaye zuwa 'ya'ya ba. Binciken Gregor Mendel a kan wake, wanda aka buga a 1866 aka kuma farfaɗo da shi a 1900, shi ne ya cike wannan giɓi daga baya.

Wasiƙar da ta zo daga Ternate

Abin da ya fito da Darwin daga jinkirinsa wasiƙa ce. A watan Yuni na 1858 ya karɓi saƙo daga tsibirin Ternate, a ƙasar Indunusiya ta yau, daga Alfred Russel Wallace. Wallace ba ɗan masu kuɗi ba ne kamar Darwin. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 14 ko ƙasa da haka, ya yi aikin safiyo, sannan ya koma rayuwa da sayar da ƙwari da tsuntsayen da yake kamawa ga gidajen tarihi da masu sha'awa. A 1852 jirgin da ya ɗauko shi daga yankin Amazon ya kama wuta a teku, yawancin abin da ya tara cikin shekara huɗu ya ƙone. Bai karaya ba, ya tafi tsibiran Malay a 1854, inda ya tattara samfura fiye da 125,000 cikin shekara takwas. Yana kwance da zazzaɓi a farkon 1858 tunanin ya zo masa, ya rubuta shi cikin 'yan kwanaki ya aika wa Darwin, yana roƙon ya nuna wa Charles Lyell idan ya ga ya cancanta.

Da Darwin ya karanta, sai ya tarar da ka'idarsa ta shekara 20 a rubuce da hannun wani. Abokansa biyu masu faɗa a ji, Lyell da Joseph Hooker, suka shirya a karanta maƙalar Wallace tare da wasu rubuce-rubucen Darwin na baya a zaman Ƙungiyar Linnean na 1 ga Yuli, 1858. An fara da na Darwin. Babu ɗayansu da ya halarta: Darwin yana zaman makokin ƙaramin ɗansa da ya rasu kwana uku kafin nan, Wallace yana can gabas mai nisa, bai ma san ana yi ba, kuma ba a nemi izininsa ba. Zaman ya wuce shiru. Shugaban ƙungiyar, Thomas Bell, da yake bitar shekarar, ya ce ba a samu wani babban binciken da ya girgiza ilimi a cikinta ba.

Wallace bai riƙe abin a zuciya ba. Ya sa wa littafinsa na 1889 suna Darwinism, yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar Darwin a majami'ar Westminster, kuma a bikin cika shekara 50 da wancan zama, a 1908, ya kwatanta rabonsa da na Darwin da mako ɗaya a gaban shekara 20. Darwin ma bai manta da shi ba. Da ya ga Wallace ya shiga matsin kuɗi ba shi da aikin albashi, shi ya jagoranci rubuta takardar koke ga Firaminista William Gladstone, aka yanka wa Wallace fansho na fam 200 a shekara a farkon 1881, shekarar da aka yi zanen Collier. Ƙungiyar Linnean ta ba Wallace lambar zinariya mai ɗauke da fuskokin su biyu a 1908. Amma bangon ɗakin taron ya jira har 1998 kafin Roger Remington ya zana Wallace a rataye shi kusa da Darwin, shekara 117 bayan zanen Collier, shekara 85 bayan rasuwar Wallace a 1913.

Hannayen da ba su shiga zanen ba

Wallace ya samu gurbinsa a ƙarshe. Akwai waɗanda ba su samu ba. A 1826, Darwin yana ɗalibi a Edinbara, ya biya wani baƙar fata gini ɗaya domin ya koya masa feɗe tsuntsu da adana fatarsa, awa ɗaya kullum har wata biyu. Mutumin ya taso cikin bauta a wata gona a Demerara, Guyana ta yau, aka kawo shi Sukotland ya samu 'yanci. Da wannan sana'a Darwin ya adana tsuntsayen tafiyar Beagle. A tarihin rayuwarsa ya yaba wa hankalin malamin nasa da daɗin zama da shi, amma bai ambaci sunansa ba. Masu bincike ne suka gano daga baya cewa sunansa John Edmonstone. Babu wani hotonsa da aka sani.

Shahararrun ƙananan tsuntsayen Galapagos ma ba Darwin ne ya fara gane su ba. Bai rubuta tsibirin da kowanne ya fito ba, kuma ya ɗauka dangi daban-daban ne. Masanin tsuntsaye John Gould ne ya duba su a Landan a farkon 1837 ya ce dangi ɗaya ne da bakunansu suka bambanta. Domin gano asalin kowanne, sai da aka koma ga samfuran wasu 'yan jirgin, ciki har da na hadimin Darwin, Syms Covington. A ɓangaren Wallace kuwa akwai Ali, wani matashi daga Sarawak da ya bi shi shekaru yana harbo tsuntsaye yana gyara fatunsu. Wallace ya sa an ɗauke shi hoto a Singafo a 1862 kafin su rabu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hoton girmamawa gurbin mutum ɗaya gare shi.

Abin da duhun bayan ya rufe

Zanen bai nuna muhawarar da sunan Darwin ya tayar ba, wadda ba ta mutu ba har yau. A littafin 1859 jimla ɗaya kawai ya yi a kan asalin ɗan Adam. A na 1871 ya fito fili ya ce mutum da manyan birai sun haɗa kaka, kuma mai yiwuwa a Afirka abin ya faru. A nan ne ka'idar ta yi karo da abin da Musulmi da Kirista masu yawa suka yi imani da shi game da halittar Annabi Adamu (AS), kuma malaman addinai sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kai, wasu suna ƙin ta gaba ɗaya, wasu suna rarrabe abin da ya shafi dabbobi da tsirrai da abin da ya shafi mutum. Darwin kansa, a wata wasiƙa ta 1879, ya ce mutum zai iya yin imani da Allah sosai kuma ya yarda da juyin halitta, ko da yake ya bayyana kansa a matsayin wanda bai kai ga tabbaci ba.

Duk inda mai karatu ya tsaya a wannan batu, akwai ɓangaren ka'idar da asibitocinmu ke aiki da shi kullum. Maganin kulorokwin ya daina tasiri a kan zazzaɓin cizon sauro ne saboda ƙwayoyin cutar da suka iya jure masa su ne suka rayu suka hayayyafa, har Nijeriya ta sauya zuwa magungunan haɗin atemisinin a tsakiyar shekarun 2000. Haka kuma binciken Anthony Allison a Gabashin Afirka a 1954 ya nuna cewa mai ɗauke da ƙwayar gadon sikila guda ɗaya yana da kariya daga zazzaɓi mai tsanani, abin da ya bayyana dalilin yawaitar ƙwayar a ƙasashen da sauro ya yi katutu, irin tamu.

Akwai kuma abin da ba ya daɗin ji. Darwin ya tsani bauta, abin da ya gani a Barazil ya tsaya masa a rai har tsufa. Duk da haka, littafinsa na 1871 yana ɗauke da jera al'ummomi sama da ƙasa irin na Turawan zamaninsa. Ɗan uwansa Francis Galton, wanda suka haɗa kaka, ya raɗa wa aƙidar "gyaran irin ɗan Adam" suna a 1883, shekarar da Collier ya yi kwafin zanen. Da wannan aƙida aka hana dubban mutane haihuwa da ƙarfin doka a Amurka da Turai a ƙarni na 20. Fuskar dattijon ba ta faɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Bango ma yana da siyasa

Girmamawa takan hau ta sauka. A Gidan Tarihin Halittu na Landan an kafa mutum-mutumin Darwin na farin dutse a kan babban matakala a 1885. A 1927 aka kawar da shi, wurin ya koma hannun mutum-mutumin Richard Owen, wanda ya assasa gidan kuma babban abokin hamayyar Darwin. A 2008, ana shirin bikin cika shekara 200 da haihuwarsa, aka mayar da Darwin matakalarsa. A 2013 aka ƙaddamar da mutum-mutumin Wallace a gidan, shekara 100 cif bayan rasuwarsa. Babban Bankin Ingila ya sa fuskar Darwin a takardar fam 10 daga 2000 zuwa 2018, sannan marubuciya Jane Austen ta gaje shi.

Duk wanda ya yi aiki a ma'aikatar gwamnati ya san wannan al'ada: ranar miƙa mulki ake sauke wani hoto a ɗora wani, a kuma ƙara ɗaya a jerin tsofaffin shugabannin ma'aikata. Ya kuma san cewa takardar da ta fita da sa hannun mutum ɗaya ta bi ta teburin mutum goma. Wannan ba ya rage darajar mai sa hannun. Darwin ya cancanci zanensa: shi ya tara hujjojin shekara 20, shi ya rubuta littafin da ya sa duniya ta saurara, kuma Wallace ne na farko da ya shaida haka. Abin lura shi ne bango yana ɗaukar fuska ɗaya da sauri, amma yana jinkirin ƙara ta biyu, ta uku kuwa sau da yawa ba ta zuwa. Sunan Covington da na Ali da na Edmonstone sun tsira ne saboda wasiƙu da alamun da ke ɗaure a ƙafafun tsuntsaye da littattafan lissafi da wasu suka adana, masu bincike suka tone su bayan shekaru masu yawa.

Mai ziyara da ya shiga ɗakin taron Ƙungiyar Linnean a yau zai tarar da Darwin da Wallace a bango ɗaya. Darwin yana nan yadda Collier ya bar shi a damunar 1881, da alkyabbarsa da hularsa a hannu. Malamin da ya koya masa feɗe tsuntsu a kan gini ɗaya kuwa, sai a takarda za a same shi.